Na Ƙirga Sau Biyu

Ni ke riƙe da asusun coci,
shi ya sa suka miƙo mini kwandon ƙuri'u,
kwandon da baiko ke zagayawa a ciki ran Lahadi.
A waje ƙanƙara ta binne gonakin alkamar Dakota ta Arewa
har inda ido ke gajiya.
A ciki tukunyar kofi na gunaguni ita kaɗai.

Tambaya ɗaya ce:
mu zauna cikin uwar majami'a, wadda ta yarda
a sa wa auren namiji da namiji albarka,
ko mu tattara ya-namu-ya-namu mu fita?

Delmer Aune ya miƙe da ƙyar, gwiwarsa ta ƙarfe ce.
Ya buɗe Romawa, sura ta fari,
ya karanta a hankali kamar mai auna magani.
Ya ce, "Ba ƙiyayya ba ce.
Ba ni na rubuta ba, ba ni zan goge ba."
Na san ba ƙarya yake ba.
Shi ke tayar da tarakta tun duku-duku
ya share wa Wendell hanya duk hunturu,
ko sisi bai taɓa karɓa ba.

'Yar gidan Tollefsrud, wadda ta dawo hutu daga jami'a,
ta ce Yesu ya ci abinci da waɗanda gari ya ƙi.
Murya ta yi mata gardama, ta zauna.
Fasto ya tsura wa tafin hannunsa ido.

Wendell na can bencin ƙarshe, daf da ƙofa,
hula a kan cinya.
Shekara talatin da takwas ya yi da yayana Orrin
a gida ɗaya, bayan rumbun hatsi.
"Abokin nomansa," haka gari ke cewa,
haka ni ma.
Kowa ya sani, kowa ya haɗiye.
Shi ya yi jinyar Orrin wata goma sha ɗaya,
ya juya shi, ya wanke shi, ya aske masa gemu.
Da na zo rubuta sanarwar rasuwa
sai na sa: ya bar ƙanwa ɗaya da 'ya'yanta uku.
Wendell ya karanta a jarida.
Ran Asabar ya kawo mini zuma kwalba biyu,
kamar kullum.

To, na zazzage kwandon.
Aibin ƙaramin gari: na san rubutun kowa.
Ga na Ardis mai jan mawaƙa,
wadda 'yarta ke zaune da wata mata a Fargo:
"mu fita," ta danna biro har takarda ta huje.
Ga na tsoho Halvor, wanda ko gaisuwa bai cika amsawa ba:
"mu zauna."
Ga wata ba komai a jikinta,
an ninke ta sau takwas, ƙanƙanuwa kamar ƙwayar masara.
Ban nemi sanin mai ita ba. Na sani.

Arba'in da ɗaya, mu fita.
Talatin da tara, mu zauna.
Na ƙirga sau biyu, ko lissafi zai ji tausayi.
Tawa na cikin talatin da tara,
amma ƙuri'a ba ta goge tawadar jarida.

Ba wanda ya yi tafi.
Muka yi Addu'ar Ubangiji, baki ɗaya, zuciya biyu.

A waje motar Wendell ta ƙi tashi, sanyi ya kashe batir.
Delmer ya ɗingiso da wayoyi a kafaɗa.
Tsofaffi biyu, kai a sunkuye kan inji,
tururin bakinsu na cakuɗewa a sama,
ba ka iya cewa wannan na wane ne.

Na taka ƙanƙara har wurinsu, kwandon na hammata.
Na ce, "Wendell, ka zo cin abinci ran Lahadi.
Ba baƙi. Dangi kaɗai."

Ya daɗe yana dubana.
Delmer ya ce, "Murɗa yanzu."